Yadda Ake Kama Riga da Kayar da Abokin Karawa a Judo, Mataki-Mataki

Tambayar da masu koyon judo suka fi maimaitawa ita ce: dabarar tana fita tsaf a wurin atisaye, to me ya sa ba ta ci a gasa? Galibi laifin ba na ƙafa ba ne, ba kuma na ƙugu ba. Tun wurin kama riga aka baro gyara. Wanda ya mallaki hannun rigar abokin karawarsa shi ke riƙe da linzami, wanda aka kama wa hannu kuwa sai dai ya yi ta shiga ana turo shi waje. An jera matakan nan yadda suke faruwa a kan tatami, wato katifar judo. Duk bayanin na mai amfani da dama ne, bahago sai ya juya. Mai kayarwa sunansa tori, wanda ake kayarwa uke. Inda aka ce "ka" har da mata ake nufi, sai a mataki na 13 da ya shafe su kai tsaye.

1. Tanadi kaya

Kayan judo, judogi, kashi uku ne: riga mai kauri, wando da ɗamara. Da tsayin mutum ake auna su, shi ya sa ake ganin lamba irin 160, 170 ko 180 a jiki. Na auduga suna tsukewa bayan wanki biyu ko uku, don haka ka sayi masu ɗan sarari, ka wanke da ruwan sanyi, ka shanya a inuwa. Mai koyo ba ya buƙatar masu tsada. Marasa nauyi suna kamawa daga kimanin dala 30 zuwa 60, na gwanjo ma sun isa muddin ɗinkin kwala bai saki ba. Waɗanda hukumar judo ta duniya, IJF, ta amince da su, masu jan tambari irin na Mizuno, Adidas ko KuSakura, daga dala 150 suke farawa, kuma babbar gasa tana neman saiti biyu, fari da shuɗi. Rigar karate ba ta yi, ja ɗaya za ta yage.

A gasa ana auna rigar da wani ma'auni da ake kira sokuteiki. In ka miƙa hannuwa gaba, hannun riga ya kai wuyan hannu, kuma tsakanin yadi da fata a sami sararin santimita 10 zuwa 15. Bayan ɗauri, kowane gefen ɗamara ya sauko santimita 20 zuwa 30. Ƙara da farin filasta na naɗe yatsu da abin yanke farce.

Hattara: zobe, ɗan kunne, fil, laya mai tauri, duk wani ƙarfe a jiki kora ce daga wasan. Sannan kada a yi kaye a kan siminti da aka shimfiɗa wa kafet. Tatami na gaske kaurinsa santimita 4 zuwa 5 ne, in babu shi a tsaya ga koyon riƙo da taku.

2. Koyi faɗuwa kafin kayarwa

Ukemi ke nan: faɗuwa ta baya, ta gefe, da wuntsilawa ta gaba. Ka manna haɓa da ƙirji, idonka a kan ƙullin ɗamara. Ka doki tatami da dukan hannu, daga tafi har damtse, a karkace kaɗan da jiki, daidai lokacin da baya ke sauka. Fara daga kwance, sai zaune, sai tsugune, sannan tsaye. Mako biyu zuwa huɗu a kan wannan ba asara ba ce. Wanda ke tsoron faɗuwa yakan sandare, sandararren jiki kuwa ba ya iya kai hari.

Hattara: kada ka tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Daga nan ake samun gocewar gwiwar hannu da karayar ƙashin kafaɗa.

3. Tsayuwa da taku

Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗu, ta dama ta ɗan yi gaba da rabin taku. Gwiwoyi a sake, baya a miƙe, nauyi a gaban tafin ƙafa ba a diddige ba. In za ka matsa, ƙafar gaba ta ja, ta baya ta biyo ba tare da ta wuce ta ba. Ana kiran wannan tsugi-ashi. Tafin ƙafa ya riƙa shafar tatami, kada ka ɗaga shi sama. Kada ƙafafu su haɗe, kada su harɗe, domin a wannan ƙiftawar ake share su da de-ashi-barai, dabarar share ƙafar da ta tako gaba.

Hattara: wanda ya taso da kokawar gargajiya yakan sunkuya yana neman ƙafa. A judo kama ƙafa ko wando a tsaye laifi ne, shido za a ba ka, wato gargaɗi, kuma na uku kora ce. Sunkuyon kansa yana miƙa wa abokin karawa ƙeyarka da bayanka.

4. Yadda yatsu ke kama riga

Hannuwan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Hagunka ita ce hikite, mai jan hannun rigarsa na dama. Damarka ita ce tsurite, mai ɗaga kwalarsa ta hagu, daidai ƙashin da ke ƙasan wuya.

Da yatsu uku ake riƙo: ƙarami, na kusa da shi, da na tsakiya. Babban yatsa da manuniya su kwanta a sake. Gwada ka gani: in ka damƙe da duka biyar, wuyan hannu zai ƙage, damtse ya cika kafin minti biyu, abokin karawa kuma ya ji duk niyyarka tun ba ka motsa ba. Riƙo ya zama a sake, sai lokacin shiga ya tsuke.

Wurin kamawa yana da bambanci. Bakin hannun riga, kusa da wuyan hannu, ya fi kashe masa hannu, ya kuma dace da seoi-nage, kayarwa ta goyo (mataki na 11). Ƙasan gwiwar hannu, a kan ɗinkin da ke bi ta ƙarƙashi, ya fi ba da ƙarfin juya kafaɗarsa a dabarun kayarwa na o-soto-gari da uchi-mata (mataki na 9 da na 12). Ko ina ka kama, ka tattaro yadin har ya matse fatarsa. In ka bar sarari, za ka ja riga ne mutum yana tsaye.

Hattara: dokokin IJF na 2025 sun sassauta kan zura yatsu cikin hannun riga, amma mai koyo ya bar wannan. In aka fizge, yatsan ne ke tafiya.

5. Dama da dama: fara da hannun riga

Ai-yotsu ake ce wa wannan haɗuwa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Da alƙalin wasa ya ce hajime, wato a fara, yawancin masu koyo sai su miƙa dama kai tsaye zuwa kwala. Ka miƙa masa abin da yake nema ke nan. Hannun da ya fi haɗari a jikinsa shi ne damarsa, kuma hagunka ce ke fuskantar ta. Ga yadda ake bi:

Na farko, hannuwa a sama daidai ƙirji, gwiwoyin hannu a kusa da haƙarƙari. Damarka ka ɗan janye ta baya don kada ya cafke.

Na biyu, ka zagaya zuwa hagunka, wato wajen damarsa. Da ya miƙo dama, hagunka ta tare ta a bakin hannun riga. In ya ƙi miƙowa, hagunka ta dafa kwalarsa ta dama ta tokare kafaɗar, daga baya ta zame zuwa hannun riga.

Na uku, ka danna hannun nan ƙasa, wajen cinyarsa ko ƙullin ɗamararsa. Da nauyin jiki ake dannawa, gwiwar hannunka a miƙe kaɗan, ba da ƙarfin damtse ba. Muddin damarsa ba ta taɓa kwalarka ba, ba shi da babban hari.

Na huɗu, sai yanzu damarka ta kama kwala. Da hannu biyu sun zauna, ka motsa shi nan take. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma riƙon da aka samu aka tsaya kallo, sakan biyu ko uku ya ishi gwani ya warware shi.

Hattara: ka danne masa hannu ka tsaya ba hari, alƙali zai ɗauke shi toshe wasa ya ba ka shido. Ko da cikakken riƙo na ƙa'ida, kimanin sakan 30 ake ba ka ka kai hari.

6. Dama da hagu: faɗan kwala

Kenka-yotsu ke nan, kai dama shi bahago. Kafaɗunku na gaba suna kusa, hannuwan kwala suna cin karo, hannuwan riga kuwa sun yi nisa. A nan tsarin ya juya: kwala ake fara kamawa.

Ka nemi damarka ta shiga ta ciki, ƙarƙashin hagunsa, gwiwar hannunka tana ɗaga nasa sama. Mai ciki shi ke da hanyar shigar da ƙugu. In ya riga ka ciki, kada ka yi ta kokawa da shi, ka ɗora hannunka ta sama ka danne gwiwar hannunsa ƙasa da ciki har ta lanƙwashe. Gajere ya fi jin daɗin ciki, dogo ya fi cin riba ta sama. Ƙafarka ta dama ma tana nata faɗan, tana neman wuri tsakanin ƙafafunsa.

Hannun riga kuwa ba a bin sa da miƙa jiki. Duk wanda ya miƙe yana lalube, nauyinsa ya zubo kan ƙafar gaba, ita za a share. Ka jawo shi da kwala kana zagayawa damarka, gefensa na nesa zai juyo da kansa, hagunka ta karɓa. Ko ka taɓa ƙafarsa ta gaba da ɗan o-uchi-gari, girbi ta ciki (mataki na 10), zai miƙo hannu don ya daidaita, ka cafke.

7. Sauran riƙo da yadda ake ɓalle su

Akwai riƙon ƙeya, inda dama ke hawa bayan wuya tana sunkuyar da kai. Dogaye da masu nauyi sun fi son sa. Akwai wanda ake kira riƙon Jojiya, hannu ya tsallake kafaɗa ya kamo baya ko ɗamara, 'yan wasan Jojiya da Mongoliya sun shahara da shi. Akwai kama hannuwan riga duka biyu, wanda Abe Hifumi da ƙanwarsa Abe Uta na Japan suke shiga sode-tsurikomi-goshi, wata kayarwa ta kan ƙugu, da shi. Su biyun sun ci zinare rana ɗaya a gasar Olamfik ta Tokyo, 25 ga Yuli 2021. Kama ɗamara, kama gefe ɗaya da hannu biyu, da riƙon giciye duk an yarda da su in hari ake shiryawa. In fakewa ake yi da su, shido ne.

In an kama kwalarka: hannuwanka su kama bakin hannun rigarsa, ka tura shi ƙasa da gaba da sauri, ƙirjinka kuma ya ja baya lokaci guda. Motsin ƙirjin ne ke ɓallewa, ba hannu kaɗai ba. In an kama hannun rigarka: lanƙwasa gwiwar hannu, ka fizge wajen kunnenka kana juya ƙugu. In an kama ƙeyarka: miƙe wuya tun kafin kai ya sunkuya, hagunka ta tokare gaban kafaɗarsa, ka zagaya waje.

Hattara: ka ɓalle ka ja da baya hannu wofi, shido ne. Da ka ɓalle, ka kama nan take. Kuma ba a zame kai ta ƙarƙashin hannunsa don gudu sai in hari zai biyo.

8. Karya masa tsayuwa

Kowace kayarwa gaɓa uku ce: kuzushi, karya tsayuwa, tsukuri, shigar da jiki, kake, ƙarasawa. In ka tsallake ta farko, ɗaukar buhu za ka yi.

Don kayarwa ta gaba, hagunka ta ja sama da gaba har daidai idonka, gwiwar hannu a ɗage, wuyan hannu ya juya ƙaramin yatsa yana kallon sama, kamar mai duba agogo. Damarka ta ɗaga kamar mai fizgo ƙugiya daga ruwa. Alamar ta yi ita ce diddigensa ya bar ƙasa. Don kayarwa ta baya, nauyinsa ake tarawa a kan diddige ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ja zuwa ƙasa lokacin da ake son kai shi gaba, wanda ke ƙara dasa shi.

Mutum ba turmi ba ne, yana mayar da martani. Tura shi, zai turo; a kan turowar ake juyawa. Ja shi, zai dogare baya. Nan ake girbe ƙafa.

9. O-soto-gari: girbi ta waje

Ƙafarka ta hagu ta taka gefen ƙafarsa ta dama, ta waje, layi ɗaya da ita, da tazarar da ƙafarka ta dama za ta wuce. Tare da takun, hagunka ta jawo gwiwar hannunsa zuwa cikinka, damarka ta ɗaga kwala tana tura haɓarsa baya, ƙirjinka ya haɗu da nasa. Yanzu duk nauyinsa yana kan diddigen dama. Sai ƙafarka ta dama ta wuce gaba, yatsu a tsuke suna kallon ƙasa, ta dawo kamar lauje, bayan cinyarka ya doki bayan cinyarsa. Kanka na sauka, ƙafar na tashi, jiki ya zama kamar sanda ɗaya.

Inda take lalacewa: takun hagu ya gaza kaiwa. Sai ka zama kana miƙa ƙafa daga nesa, bayanka a karye, shi kuma ya mayar maka da irin ta, o-soto-gaeshi. Ono Shohei, wanda ya ci zinaren Olamfik a 2016 da 2021 a ajin kilo 73, da wannan dabara da uchi-mata ya yi suna, kuma abin lura a wasansa shi ne yadda hannuwa ke gama aiki kafin ƙafa ta tashi.

Hattara: wannan ce dabarar da ta fi buga ƙeyar masu koyo da ƙasa. Kada a yi wa wanda faɗuwarsa ba ta nuna ba, kuma tori kada ya saki hannun riga. Kada kuma a girbe gwiwa daga gefe alhali ƙafar a dashe take.

10. O-uchi-gari da ko-uchi-gari: girbi ta ciki

Waɗannan su ne mabuɗan ƙofa. A o-uchi-gari, dama ta taka tsakiya, hagu ta biyo bayanta, sai dama ta shiga tsakanin ƙafafunsa ta zagayo ƙafarsa ta hagu, babban yatsa yana zana rabin da'ira a kan tatami. Ƙirji da fuska su kalle shi, ka tura wajen bayansa na hagu. In ka ɗaga ƙafar sama ko ka juya masa gefe, zai share ka.

A ko-uchi-gari, tafin ƙafarka ta dama ya kamo diddigensa na dama ta ciki ya ja shi wajen da yatsunsa ke kallo, hannuwa biyu suna turawa baya da ƙasa. Lokacinta shi ne sa'ad da ƙafar ke shirin sauka, nauyi bai gama hawa ba. Da tafin ƙafa ake yi. Bugu da gefen ƙafa harbi ne, ba judo ba.

11. Ippon seoi-nage: goyo

Ta gajere ce a kan dogo. Hagunka ta ja sama kamar yadda aka faɗa a mataki na 8. Damarka ta saki kwala. Ƙafar dama ta taka gaban yatsun ƙafarsa ta dama, ta ciki kaɗan. Ka juya a kan gaban tafin ƙafa, hagu ta zagayo ta zauna, ƙafafunka biyu suna cikin nasa suna kallon inda yake kallo. Lanƙwasar gwiwar hannunka ta dama ta matse damtsensa can kusa da hammata. Gwiwoyi su durƙusa har ɗamararka ta sauka ƙasa da tasa, bayanka a miƙe, manne da ƙirjinsa. Sai ka miƙe gwiwoyi, ka sunkuya, ka juya kai zuwa hagu kana ci gaba da jan hannun.

Kurakurai uku ne ke kashe ta. Ɗora hannunsa a kan wuyanka maimakon a lanƙwasar hannu, wanda ke ba shi damar shaƙe ka ko ya ja ka baya. Lanƙwasa ƙugu maimakon gwiwa. Barin sarari tsakanin baya da ƙirji. Koga Toshihiko, zakaran Olamfik na 1992, a tsaye ya riƙa yin ta, kuma ita ya kamata a fara koya. Ta durƙusawa kan gwiwa biyu tana ci ƙwarai a ƙananan ajin nauyi, amma tana cin gwiwoyi, yara su dakata da ita.

Hattara: ka zube ƙasa ba tare da ka motsa shi ba, harin ƙarya ne, shido.

12. Uchi-mata da harai-goshi

Shigarsu ɗaya. Ja sama, dama ta taka gaba, hagu ta zagayo ta zauna tsakanin ƙafafunsa, can ciki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yatsu suna kallon inda za a kayar. Gefen ƙirjinka ya manne da nasa. A uchi-mata, bayan cinyarka ta dama ya tashi tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga cinyarsa ta hagu ta ciki. A harai-goshi, ƙafar ta share ta wajen ƙafarsa ta dama, ƙugu ya fi shiga. Da harai-goshi Teddy Riner na Faransa ya kayar da Kim Min-jong na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe na masu nauyi a gasar Olamfik ta Paris 2024.

Ƙafar da ke tsaye ita ce komai. In ta tsaya a waje, ƙafar da ke ɗagawa iska za ta doka, shi kuma ya goce ya juya ka da uchi-mata-sukashi. In ƙafarsa ta tashi bai faɗi ba, ka yi ɗingishi a kan hagu kana zagayawa, kana jan hannun riga zuwa ƙugunka. Ken-ken ake ce masa, kuma ya fi amfani a haɗuwar dama da hagu.

Hattara: ka juya fuska hagu, kada ka soka kai a tatami. Nitso da kai a tatami kora ce nan take, kuma wuya ake karyawa da shi.

13. Abin da ya bambanta mata da maza

Doka ɗaya ce, dabaru ɗaya ne, lokaci ma ɗaya: minti 4, in an yi kunnen doki a ci gaba har wani ya sami maki. Ajin nauyi ne ya bambanta. Maza: kilo 60, 66, 73, 81, 90, 100 da sama da 100. Mata: 48, 52, 57, 63, 70, 78 da sama da 78. Salon wasa ya fi bin nauyi da tsayi fiye da jinsi. Mace mai kilo 48 ta fi kama da namiji mai kilo 60 a sauri da yawan shiga fiye da yadda take kama da mace mai sama da 78. Maganar cewa wasu dabaru na mata ne wasu na maza, wasan da ake gani bai goyi bayanta ba. Tsunoda Natsumi ta ci zinaren kilo 48 a Paris da tomoe-nage, wato kwantawa ta baya a wurga abokin karawa da ƙafa a cikinsa, da murɗe gwiwar hannu a matsayin makamanta, Clarisse Agbegnenou ta Faransa kuwa da ƙarfin riƙo na kusa ta mamaye ajin 63 shekaru da dama.

Ke mai shiga gasa, ki sa farar riga mai gajeren hannu da zagayayyen wuya a ƙarƙashin judogi, ki cusa ta cikin wando. Gashi a ɗaure da roba mara ƙarfe, yadda ba zai sauko kan kwala ba, domin in ya sauko za a riƙa kamawa da shi. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa a mata 'yan wasa, saboda haka ki ba ƙarfafa cinya da ƙugu lokaci, ki kuma lura kada gwiwarki ta riƙa faɗawa ciki lokacin juyawa. Ki yi atisayen riƙo da wadda ta fi ki ƙarfi, amma atisayen kaye da mai nauyi kusa da naki.

Awo ana yin sa ne kwana ɗaya kafin wasa, da safe kuma a iya sake auna wasu, inda ba a yarda a haura kashi 5 cikin 100 na iyakar ajin ba. Rage nauyi ta hanyar ƙin shan ruwa yana raunana jiki, ga mata da maza duka.

14. Haɗa dabara biyu, ka ƙarasa

Gwani ba ya faɗuwa da hari ɗaya. Ka haɗa ta baya da ta gaba: o-uchi-gari, in ya janye ƙafa ya turo, sai uchi-mata. Ko-uchi-gari sai seoi-nage. In ya dogare wa seoi-nage ya ja baya, ka koma ko-uchi-gari. Tsakanin ta farko da ta biyu ba a sauke hannu, ba a sake tsayuwa. Ta farkon ma da gaske za a kai ta, in ba haka ba ba zai motsa ba.

Duk shiga tana da farashi. Abe Uta tana kan gaba da maki a Paris sa'ad da Diyora Keldiyorova ta Uzbekistan ta manne mata ta kayar da ita ta baya da tani-otoshi, dabarar zubewa ƙasa da miƙaƙƙiyar ƙafa a bayan ƙafafun uke, wasa ya ƙare nan take. In shigarka ta gaza, ka fito da sauri ka fuskance shi, ko ka zarce da wata. Tsayawa rabi da rabi, baya a juye, shi ne mafi muni.

Ippon, cikakken makin da ke ƙare wasa, na samuwa in abokin karawa ya sauka a bayansa da ƙarfi, da sauri, kana riƙe da shi. In wani abu ya gaza, waza-ari ne, wato rabin maki, biyu kuma sun zama ippon. A 2025 aka dawo da yuko, ƙaramin maki na irin faɗuwar gefe ko ta mazaunai. Bambancin ippon da yuko sau da yawa hagunka ce: ci gaba da jan hannun riga har ya kwanta, kada ya sami damar juyawa rubda ciki. Kada ka tsaya kallon alƙali. In ba ka ji alƙali ya ce mate, wato a dakata, ko ippon ba, ka bi shi ƙasa ka danne: sakan 5 yuko, 10 waza-ari, 20 ippon.

Hattara: kani-basami, wato almakashin ƙafa, da kawazu-gake, naɗe ƙafarsa da taka ka faɗa baya a kansa, haramun ne, kora ce. Tani-otoshi halal ce, amma in aka zauna a kan gwiwar uke tana tsinka jijiya, masu koyo kada su yi ta a tsakaninsu sai gaban koci.

15. Tsarin atisaye na awa ɗaya da rabi

Minti 15 na ɗumama jiki da faɗuwa. Minti 15 na faɗan riƙo kawai, zagaye na sakan 30, wanda ya fara samun hannu biyu ya ci, ana sauya abokai don a haɗu da dama da bahago. Minti 20 na uchikomi, wato maimaita shiga ba kayarwa: sau 10 a jere, zagaye 5 ga kowace dabara, rabi a tsaye rabi ana tafiya. Minti 10 na nagekomi, kayarwa cikakkiya, sau 5 a karɓa-karɓa. Sauran lokacin randori, gwajin wasa, zagaye 5 na minti 4.

Wata shida na farko dabara uku sun isa: ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, da ƙaramar ta ƙafa, dukansu daga riƙo iri ɗaya don kada canjin hannu ya tona maka asiri. Kada uchikomi ya fara da riƙon da uke ya miƙo maka a sake. Ko da sau ɗaya a kowane zagaye, ku rabu, ka ƙwaci riƙon, sannan ka shiga. Don ƙarfin yatsu, rataya tsohuwar riga ko tawul a ƙarfe ka riƙa lilo da shi sakan 20 zuwa 30, sau 3, kwana biyu a mako. In gaɓar yatsa ta kumbura, ka naɗe ta da filasta tare da na kusa da ita, sama da ƙasan gaɓar, ba a kanta ba, don ta iya lanƙwasawa. In ta karkace ko ta kasa motsi, a bar tatami a tafi asibiti a ɗauki hoto.